Katakon roba a ƙauye: inda yake aiki da inda bai kamata a dogara da shi ba

"Assalamu alaikum. Injiniya, ni ne ma'ajin ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu a yankin Auyo, Jihar Jigawa. Mun tara gudummawa bayan kaka domin mu yi wa ɗaliban Islamiyya rumfa da bencuna, mu kuma kewaye ɗan lambun makarantar da ke kusa da famfon tuƙa-tuƙa. Sau biyu muna kafa dirkokin turare da na darbejiya, gara tana cinye gindinsu, abin da ta rage kuma ruwan damina ya ruɓar da shi. Wani yaronmu da ke aiki a Kano ya kawo mana labarin katakon da ake yi da tsofaffin robobi da leda, ya ce gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, har zai kai jikokinmu. Kuɗin na jama'a ne, ina tsoron in kai su inda za a zarge ni. Shin mu saya, ko mu tsaya a kan abin da muka sani?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Ma'aji, Allah ya saka muku da alheri, ya kuma ba ka ikon sauke amanar da aka ɗora maka. Abin da na fara lura da shi a wasiƙarka shi ne tambayoyi uku ne aka ɗaure da igiya ɗaya. Rumfa tana ɗaukar nauyi ne a saman kawunan yara, benci yana ɗaukar nauyi a tsakiyarsa tsakanin ƙafa da ƙafa, turken shinge kuwa ba ya ɗaukar komai sai iska da tunkuɗar awaki, amma gindinsa yana kwana yana wuni cikin ƙasa mai laima. Abin da kowannensu yake nema daga katako daban ne, saboda haka amsar da zan ba ka a kan shinge ba ita zan ba ka a kan rumfa ba. Yaronku bai yi ƙarya ba a kan gara da ruwa, sai dai rabin maganar ya kawo, kuma rabin da ya bari a Kano shi ne ya shafi lafiyar yaran da za su zauna a ƙarƙashin rufin.

Da me ake yinsa

Ana tattara tsofaffin robobi, a rarrabe su, a wanke, a niƙa su zama ɓarɓashi, sannan a zuba a injin da zai narkar da su ya matso su ta wani baki mai siffar katako, kamar yadda injin taliya 'yar murji yake fitar da zaren taliya. Daga nan a sanyaya a yanka daidai tsawon da ake so. Wannan sana'ar niƙa tsohuwar roba ba baƙuwa ba ce a Kano, domin abin da 'yan jari-bola suke tarawa yana ƙarewa ne a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ya dawo mana a matsayin buta da bokiti da takalmi. Katakon roba ɗan'uwan waɗannan ne, sai dai shi ana so ya yi aikin da itace yake yi.

Ingancinsa yana farawa ne daga rarrabewa, domin abin da muke kira roba da baki ɗaya ba abu ɗaya ba ne. Idan ka juya jarka ko bokiti ka duba gindinsa, sau da yawa za ka ga alama mai kusurwa uku da lamba a cikinta. Lamba 2 ita ce robar jarkoki da galan, kuma ita ce uwar katakon roba nagari. Lamba 4 ita ce yawancin leda mai laushi, lamba 5 kuma ita ce ta kujerun roba da buhunan hatsi da yawancin murafe. Waɗannan uku suna narkewa a zafin da bai yi nisa da juna ba, daga kamar digiri 110 na leda, zuwa 130 na jarka, zuwa wajen 165 na kujera. Lamba 1, wato gorar ruwa da ta lemo, ba ta narkewa sai an kai wajen digiri 250, don haka idan aka bar ta a cikin haɗin sai ta tsaya kamar gudaji a tuwo, kuma duk inda gudajin yake, nan katakon zai fara tsagewa. Lamba 3 ita ce ta bututun famfo, kuma ita ce mafi muni a cikin haɗi, saboda idan ta ji wuta tana fitar da hayaƙi mai guba da ke cin huhu yana kuma cin ƙarfen injin.

Bayan haka, abin da ake sayarwa da sunan katakon roba iri uku ne. Akwai na zallan roba. Akwai wanda ake cuɗawa da garin katako ko ɓuntun shinkafa, wani lokaci har kusan rabi da rabi, irin wanda kamfanin Trex na Amurka ya yi suna da shi wajen shimfiɗa daɓen baranda. Wannan ya fi na zallan roba tsayuwa, amma garin itacen da ke cikinsa yana shan ruwa a hankali, don haka ba na binnewa a ƙasa ba ne, balle ƙasar Auyo da ruwa yake kwanciya a kanta makonni. Na uku shi ne wanda ake ƙarfafawa da zaren gilashi ko da haɗin robobi na musamman. Irin wannan ne masana na Jami'ar Rutgers da ke jihar Niyu Jazi ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Thomas Nosker, suka daɗe suna aiki a kai, har a shekarar 2009 aka gina gada da shi a barikin soja na Fort Bragg, tankar yaƙi mai nauyin kusan tan 70 ta haye ta. Na kawo wannan ne domin irin hotunan da ke yawo a waya ke nan, kuma mai talla yakan nuna maka gadar Amurka ya sayar maka da abin da aka matso daga leda a ƙaramar masana'anta. Misalin da ya fi kusa da halinku yana Kenya, inda Lorna Rutto ta kafa kamfanin EcoPost a 2009, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne turakun shinge.

Gara da ruwa

Abincin gara shi ne zaren da ke jikin itace da kara da takarda, wanda wasu ƙananan halittu da ke cikinta suke taya ta narkarwa. Roba ba ta da wannan zaren, don haka babu abin da gara za ta nema a jikinta. Ruɓa kuma aikin funfuna ne, wadda take buƙatar laima da iska a lokaci guda. Wannan ne ya sa idan ka tone tsohuwar dirka za ka tarar ƙasanta can ciki da sauran ƙwari, samanta ma lafiya lau, amma daidai inda ta haɗu da fuskar ƙasa, kamar taƙi ɗaya sama da taƙi ɗaya ƙasa, ta zama gari. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya da ƙiryar da gara take shakka, suka kuma riƙa babbake gindin itace kafin su kafa. Yau giginya ta yi ƙaranci, tana kuma ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, abin da ya rage a hannun mutane shi ne turare da darbejiya da ake sarewa suna ƙanana, yawancin jikinsu farin ɓargo ne mai laushi wanda gara ta fi so.

A wannan fage katakon zallan roba ya ci jarrabawa, ba ni da ja. Sai dai ka riƙe abu biyu. Na farko, gara ba ta cin roba amma tana hawanta. Na sha ganin hanyar laka da ta gina a jikin bulo da bututun ƙarfe ta haura har ta kai ga katakon rufi, kuma babu abin da zai hana ta yin haka a jikin dirkar roba, don haka duba dirkoki da kankare wannan hanyar lakar ba zai faɗi daga kanku ba. Na biyu, wannan robar ba ta kai ruwa nauyi ba, wato tana iyo. Allon da ba a ɗaure ba ambaliya za ta tafi da shi, turken da jikinsa yake sumul kuma, idan ƙasa ta jiƙe ta zama taɓo, yana iya sassautawa ya karkace. Maganinsa shi ne a huda gindin a ratsa guntun rodi kafin a binne, a kuma dandaƙe ramin da tsakuwa.

Lanƙwasa, wadda ita ce babbar matsalar

Mutane sukan ɗaga katakon roba su ji nauyinsa su ce lallai wannan ƙarfe ne. Nauyin gaskiya ne. Tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, mai tsawon ƙafa 12 na zallan roba yana kai wajen kilo 17, alhali farin katako irin na obece da ake sayarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa, mai wannan girman, bai wuce kilo bakwai ko takwas ba. Amma nauyi daban, tsayuwa daban. Itace yana da zare da ya miƙe daga gindi zuwa sama, wannan zaren ne yake hana shi lanƙwasa. Roba ba ta da shi, kuma idan aka auna, tsayuwar zallan roba kusan kashi ɗaya ce cikin goma na ta katako. Ba ta saurin karyewa, amma tana lanƙwasa tun nauyin bai kai ko'ina ba.

Akwai kuma wani hali nata da itace ba shi da shi sosai. Idan ka ɗora mata nauyi ka bar shi, ba ta tsayawa a inda ta lanƙwasa ranar farko, tana ci gaba da sauka kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, kuma zafi yana ƙara mata sauri. Duk wanda ya ga kujerar roba da ƙafafunta suka baje a majalisa ya ga wannan halin da idonsa.

Ni kaina a kan benci na koyi wannan darasin. An ba ni aikin wurin zama a harabar wata makaranta, na samo allunan roba masu kauri, na ba kafinta ya haɗa su yadda muka saba haɗa na katako, ƙafa a wannan ƙarshen, ƙafa a wancan, tsakani kamar ƙafa shida babu komai. Ranar da muka kai su, manya huɗu suka zauna a kan ɗaya, bai ko motsa ba, kowa ya yaba. Lokacin hunturu ne. Da na koma a tsakiyar bazara sai na tarar tsakiyar kowane benci ta sauka kamar bakan maharbi, yaran da suka zauna a gefe suna zamewa suna haɗuwa a tsakiya, har sun mai da abin wasa. Babu allon da ya tsage, babu wanda gara ta taɓa, amma benci ya tashi daga benci. Sai da muka kwance su, muka juya allunan ciki ya koma baya, muka sa ƙarfe mai kusurwa a ƙarƙashi tare da ƙafa ta uku a tsakiya, sannan suka zauna. Laifin nawa ne, domin na yi wa roba lissafin itace.

Lissafin da ya kamata in yi ba mai wahala ba ne. Lanƙwasa tana ƙaruwa da tazara fiye da yadda ido yake zato: idan ka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu, nauyin da ke tsakiya zai saukar da allon ninki takwas, ba ninki biyu ba. Haka kuma idan ka ninka kaurin allo daga sama zuwa ƙasa, tsayuwarsa tana ƙaruwa ninki takwas, shi ya sa tu-bai-fo da aka tsayar a kan gefensa ya fi wanda aka kwantar tsayuwa ninki huɗu. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, domin roba ta yi aikin katako, ko dai ka rage tazarar zuwa kamar rabi, ko ka ninka kaurin. Kowanne ka zaɓa, kayan da za ka saya sun ƙaru, kuma wannan ƙarin ba ya cikin farashin da mai talla yake faɗa.

Zafin rana da wuta

Roba tana miƙewa da zafi tana takurewa da sanyi kusan ninki goma na yadda ƙarfe yake yi, shi kuwa itace a tsawonsa kusan ba ya motsi. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da asubar hunturu sanyi yana sauka ƙasa da digiri 15, baƙin allo kuma da ke kwance a ranar watan Afrilu yana iya haura digiri 60. Tsakanin waɗannan biyu, allo mai ƙafa 12 yana iya ƙara tsawon santimita ɗaya da rabi zuwa uku. Idan an matse allunan kai da kai an buga musu kusa, ba su da wurin zuwa sai su kumbura su yi tozo, ko su yage ramin kusar. Saboda haka ana barin rata a ƙarshen kowane allo, ana huda rami ya ɗan fi noti faɗi, a sa noti da washa maimakon kusa, domin kusa ba ta kama roba yadda take kama itace. Idan da sanyin safiya ake aikin a bar rata babba, idan da tsakar ranar bazara ne a bar ƙarama, tunda allon ya riga ya miƙe.

Hasken rana kansa yana cin roba. Bokitin da aka manta a tsakar gida yakan koɗe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa alli, ranar da aka ɗaga shi kuma ya fashe a hannu. Abin da ke hana haka shi ne sinadarin da ake zubawa tun wajen narkarwa, kuma mafi sauƙinsa shi ne baƙin garin gawayi na musamman, kimanin kashi biyu cikin ɗari, wanda shi ne dalilin da ya sa baƙin tankin ruwa yake shekaru a kan gini bai fashe ba. To amma baƙi ya fi ɗaukar zafi, zafi kuma yana tausasa roba yana ƙona mai zama. Don haka baƙi ya dace da shinge, benci kuwa ko wane launi ne, wurinsa inuwa.

Maganar wuta gajeriya ce amma ba ta wasa ba. Asalin wannan robar man fetur ne, idan ta kama tana ci kamar kyandir, tana ɗiga tana ci, kuma ɗigon yana manne wa fata. Turken shingen da ke bakin gonar da ake ƙone sauranta kafin damina yana cikin haɗari, haka duk abin da ke kusa da murhu ko wutar da almajirai suke hurawa da dare. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin da ba zan so ganinta a saman kan yara ba.

Ayyukan nan uku

A kan rumfa, shawarata ita ce kada ku sa katakon roba a rufi ko kaɗan, ba a matsayin gungumen da ke ɗaukar nauyi ba, ba kuma a matsayin wanda ake buga wa kwano ba. Ƙarƙashin kwano wuri ne mai zafi, nauyin ba ya sauka dare da rana, kuma guguwar farkon damina ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, a lokacin kuwa komai ya dogara ne ga yadda kusa ta kama. Dirka mai tsawon ƙafa takwas ko tara ta zallan roba ma ba na sonta, domin doguwar sanda siririya da ke ɗauke da nauyi a ka lanƙwasa take yi ta gefe. Abin da ya kashe muku dirkokin baya shi ne haɗuwar itace da ƙasa, to ku raba su. Ku kafa bututun ƙarfe a cikin kankare da ya ɗago sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya, samansa a gangare domin ruwa ya zame, ko ku ja ginshiƙan bulo, sannan ku ɗora katako ko ƙarfe a sama ku ɗaure da langa-langa. Katakon da ke sama, a bushe, wanda aka shafa wa maganin gara, yana daɗewa ƙwarai muddin ana duba shi.

A kan benci, katakon roba yana aiki idan shi ne wurin zama kawai, ƙafafun kuma na ƙarfe ne ko na bulo, tazarar da ke tsakanin abin da ya tallafe shi ba ta wuce kamu ɗaya ba. Yana da daɗin wankewa, ba ya tsaga ya soki yaro, ba a kuma sace shi a kai murhu. Amma tunda bencunan za su zauna ne a ƙarƙashin rumfa, inda ruwa ba ya dukansu, amfanin robar ya ragu, kuma dakalin bulo da aka shafe da siminti ko jan katako a kan ƙafar ƙarfe na iya fi muku sauƙi.

Shingen lambu shi ne inda zan ce ku gwada da zuciya ɗaya, musamman ɓangaren da ke kusa da famfo inda ƙasa ba ta bushewa. Turke gajere ne, ba ya ɗaukar nauyi, kuma abokan gabansa su ne ainihin waɗanda roba ta fi ƙarfinsu. Ku nemi mai kauri, inci uku zuwa huɗu, na zallan roba, baƙi, ku binne kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Turakun kusurwa da na ƙofa kuwa su zama na kankare ko ƙarfe, domin su ne waya take ja ba dare ba rana, kuma roba za ta bi wayar a hankali har shingen ya saki. Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba: turken itace yawanci baƙin mai ake shafa masa, baƙin mai kuwa bai kamata ya kusanci wurin da ake ɗiban ruwan sha ba. Ina kuma ba da shawarar ku dasa aguwa ko lalle a bin layin shingen tun daminar farko, domin nan da 'yan shekaru su karɓi rabin aikin. Ku guji bini-da-zugu a wurin yara, saboda 'ya'yansa suna da guba kuma yara suna ci.

Kafin ka fitar da kuɗi

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka sa yaron nan ya kawo guntu ɗaya mai kamar ƙafa huɗu daga ainihin kayan da za a sayar muku, ba na nuni ba. Ka sa kafinta ya yanka shi da zarto a gaban 'yan kwamiti, ku duba cikin. Nagari cikinsa a cike yake, launi ɗaya, ƙananan ƙofofi a can tsakiya ba laifi ba ne, amma manyan ramuka, da gudajin robar da ba ta narke ba, da guntayen takarda ko ƙarfe, alamar ba a rarrabe ba ne kuma ba a wanke ba. Ka jefa ɗan yanki a bokitin ruwa. Na zallan robar jarka da leda zai taso, idan ya nutse to an cika shi da yashi ko garin itace ko robar da ba ta dace ba, sai ka tambayi mai shi da me ya haɗa. Sannan ka ɗora sauran a kan bulo biyu a tsakiyar rana, ka aza masa jarkar ruwa mai lita 25 a tsakiya, ka ja zare daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka auna saukarsa ranar farko da rana ta bakwai, ka sauke jarkar ka ga ko zai koma. Ka yi wa guntun katako irin wannan gwajin a gefensa. Gani ya kori ji, kuma abin da kwamiti ya gani da idonsa ba za a ɗora wa ma'aji shi kaɗai ba.

Ka kuma tambayi inda robar ta fito. Jarkokin maganin feshi da na sinadarai suna shiga hannun masu tara roba kamar kowace jarka. Ga turken shinge wannan ba babbar damuwa ba ce, amma idan wata rana kuka yi tunanin yin komin shayar da dabbobi ko murfin rijiya da shi, to ta zama damuwa. Idan kuma wani ya ce ku bar saye ku narka ledar ƙauyen da kanku a cikin duro, kamar yadda wasu matasa suke cuɗa ta da yashi su buga tubalin daɓe, to wannan hanyar tana iya ba da ɗan tubali gajere, amma ba ta ba da dogon katako, domin babu matsi kuma babu mai iya daidaita zafin, rabi yana ƙonewa rabi bai narke ba, mai juyawa kuma shi ne yake shaƙar hayaƙin.

Game da kuɗi, farashi yana canzawa kullum, don haka hanyar lissafin zan ba ka. Kada ka kwatanta kuɗin turke da kuɗin turke, ka kwatanta abin da kowanne yake ci a shekara. Idan turken turare damina biyu yake yi, to a shekara goma sau biyar za ku saya, ku biya haƙa da ɗaurin waya sau biyar. Turken robar da ya ninka shi kuɗi uku yana da riba idan har ya kai shekara goman. Amma ka haɗa da kuɗin mota daga Kano, wanda nauyinsa zai sa ya yi yawa, sannan ka kwatanta shi da abokin takararsa na gaskiya, wato turken kankare da magini zai zuba muku a nan ƙauyen da siminti da yashi da tsakuwa da siraran rodi. Shi ma gara ba ta cinsa, ba ya ruɓa, ba ya cin wuta, ba ya iyo. Aibinsa nauyi da karyewa idan an yi masa rowar siminti ko ba a shayar da shi ruwa ba. A wurare da dama da na yi wannan lissafin, kankare ne ya yi nasara, roba kuma ta yi nasara a inda yashi mai kyau da tsakuwa suke da nisa.

Ban ga katakon da aka yi wa yaronku tallansa ba, kuma tsakanin masana'anta da masana'anta akwai bambanci mai yawa, don haka hukuncina a kan nau'in ne, ba a kan wannan kayan ba. Waɗanda na kafa da hannuna ma shekarunsu kaɗan ne, suna nan lafiya a cikin laima, amma shaidar 'yan shekaru ba ta isa in sa hannu a kan maganar jikoki ba. Da ni ne a kujerarka, zan kai wa kwamiti shawarar a yi rumfa da ƙarfe da katako, a yi bencuna da abin da ya fi sauƙi a kusa, sannan a sayi turakun roba kamar goma kawai a jera su a gefen famfo, sauran shingen a yi shi da kankare ko da turaren da aka babbake gindinsa. A rubuta ranar kafawa da kuɗin kowane iri a littafin ƙungiya, bayan damina biyu a tone gindin turke ɗaya daga kowane iri a duba, sannan a yanke abin da za a saya a zagaye na gaba.